Kazar da ta ƙi cin tsaba ba kafso take nema ba



Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo a ƙasar Guddiri ya san irin wannan safiya. An buɗe akurki, an watsa tsaba, kaji sun yi caa a kai, amma guda ɗaya ta koma gindin bango ta tsaya. Ta kumbura gashi, ta saki fukafukai, ido a lumshe. A jefa mata gero a gabanta, ta kalle shi ta kau da kai. Kaza kuwa ba ta san ƙoshi ba, tun fitowar rana take tono har faɗuwarta, don haka ranar da ta ga tsaba ta ƙi, kowa a gidan ya san akwai magana.

Abin da muka saba yi a nan Azare da ƙauyukan da ke kewaye da mu, daga Madara zuwa Chinade har Katagum, bai wuce abu uku ba. Ko a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da rawaya a zazzage mata a ruwa, ko a ɗaure ƙafafunta a ba yaro ya kai kasuwa tun ba ta faɗi ba, ko kuma maigida ya wasa wuƙa a ce gara a ci da a yi asara. Mu ma mun yi, iyayenmu sun yi, ba wani muke nuna wa yatsa ba. Amma muna ganin lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya: duk ukun gaggawa ce, kuma ɗaya daga cikinsu, wato kai ta kasuwa, zalunci ne ga maƙwabci. Ƙin cin abinci alama ce kawai. Wanda bai tsaya ya gano abin da ya hana ta ci ba, ko ya cusa mata abinci ko ya ɗura mata magani, harbi yake yi cikin duhu.

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan kaza guda? To, ya tambayi matan gidansu. Kazar gida ita ce asusun mace. Da ita ake biyan kuɗin Laraba, da ita ake sayen sabulu da maganin zazzaɓin yaro, ita ake kamawa idan baƙo ya sauka ba shiri, ita ce gudunmawar suna. Akwai dattijuwar da ba ta da akuya ba ta da gona, kaji biyar ne duk jarinta. Idan ɗaya ta ƙi ci aka yi sakaci, cikin mako guda akurkin ya zama wayam, wannan baiwar Allah ta koma farko ke nan.

Abu na farko ba ya cin ko kwabo: a ware ta. A samu kwando ko tsohon keji, a ajiye ta a inuwa nesa da sauran, da ruwanta daban. Ko ba a san me ke damunta ba, a ware ta tukuna. Idan cuta ce mai yaɗuwa an rage ɓarna, idan kuma ba ita ba ce an ba ta hutu, domin kaji ba su da tausayin mai rauni, tsattsagarta za su yi ta yi su hana ta kusantar kasko. Sau da yawa ma kazar da muke cewa ta ƙi ci, ba ƙi ta yi ba, hana ta aka yi. Sabuwar kaza da aka kawo gida, ko ƙarama cikin manya, takan rame a tsakiyar abinci saboda tsoro.

Bayan an ware ta, sai a ɗauke ta a duba da hannu. A shafa ƙirjinta. Idan ƙashin ƙirjin ya fito kamar bakin wuƙa, babu tsoka a gefe da gefe, to matsalar ta daɗe, jiya ne kawai muka lura. Irin wannan ramar a hankali tsutsar ciki ce ta fi kawo ta, ko ƙuma da ƙwarƙwata. A ɗaga fukafukin a duba, a buɗa gashin da ke kusa da dubura. Akwai ƙwarin da ba a ganinsu a jikinta da rana sam, suna ɓuya a tsagar bangon akurki, sai dare ya yi su fito su sha jini. Mai shakka ya shiga da tocila bayan isha'i ya haska bango. Kazar da ake shan jininta kowane dare zankonta yakan koɗe ya yi fari, ƙarfin tono ma ya gagare ta. Maganin wannan yana akurkin kafin ya zo jikin kazar: a share, a ƙone shara, a lilliƙe tsagogi, a zuba musu toka da yashi inda za su yi birgima. Na tsutsa kuma akwai shi a shagon maganin dabbobi, ba tsada, a tambayi awo a bi shi.

Sai a taɓa gindin wuyanta ta ɓangaren dama, inda abinci ke fara taruwa kafin ya wuce ƙundu. Lafiyayyar kaza takan kwana da wurin a cike, ta wayi gari ya sauka. Idan da sassafe, kafin ta ci komai, aka ji shi da tauri kamar dutse, wani abu ya toshe. A garinmu ba sai an yi nisa wajen neman dalili ba: gutsuren leda, zare, robar ɗaure kaya, gashin kitso da aka zubar a tsakar gida, duk kaza na haɗiya. Idan kuma wurin ya kumbura ya yi taushi kamar an cika shi da ruwa, bakinta na warin tsami, abincin ne ya lalace a ciki. A duka biyun ƙara mata tsaba ƙara mata wahala ne. A ba ta ruwa, a riƙa murza wurin a hankali, a dakatar da hatsi na yini guda. In bai sauka ba, aikin ma'aikacin dabbobi ne. Kada a juya ta kai ƙasa a matse wai don ta amayar, da yawa a nan suke shaƙewa su mutu a hannun mai su.

A buɗe bakinta ma a leƙa. Da damina, lokacin da sauro ya yi yawa, ƙurajen kaji kan fito a zanko da gefen ido, wani lokaci har cikin baki da maƙogwaro, su yi wani abu rawaya-rawaya kamar cuku. Wannan kazar tana son ci, zafi ne ya hana ta. Abinci mai laushi take buƙata har ƙurajen su bushe. Kashinta ma yana magana: mai jini-jini, musamman a 'yan tsaki da matasan kaji lokacin danshi, cutar hanji ce da ke da maganinta na musamman, kuma kafson mutane ba ya yi mata komai.

Akwai kuma wadda lafiyarta ƙalau. Kazar da ta shiga kwanci takan yi kwana 21 a kan ƙwai, sau ɗaya take sauka a yini ta ɗan ci ta sha ta koma. Mun san gidan da aka ɗura wa mai kwanci magani kwana uku a jere don an ga ba ta fitowa kiwo. Abin da take so kawai a ajiye mata ruwa da tsaba kusa. Haka wadda take zubar da tsohon gashi tana fitar da sabo, takan yi sanyi ta rage ci na ɗan lokaci.

Yanzu bari mu zo kan zafi, don mu mutanen Azare ba sai an ba mu labarinsa ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40. Kaza ba ta yin gumi, jikinta kuma a kan digiri 41 yake tun asali, hanyar da take rage zafi ita ce haki da buɗe fukafukai. Narkar da abinci kansa yana ƙara mata zafin jiki, shi ya sa da bazara take rage ci da gangan. Wanda ya watsa tsaba da azahar ya ga ba su taɓa ba, kada ya ce cuta ce. A ba su da sanyin safiya da kuma bayan la'asar. Babban abin shi ne ruwa. Kaza na shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abin da take ci, da zafi ya fi haka, kuma idan ba ta sha ba ba za ta ci ba. Mu duba kaskon gidajenmu da gaskiya: yana rana, ruwan ya yi zafi kamar na shayi, ya yi kore, agwagi sun yi wanka a ciki. An ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, amma a gidaje da yawa ko ƙadangaren ba zai sha wannan ba. A mayar da kaskon inuwa, a wanke shi kullum, a sauya ruwan sau biyu ko uku a yini. Kaskon ƙasa ya fi roba da kwano riƙe sanyi.

Shi kansa abincin fa? A nan muna da wani hali da ya kamata mu bari, wato duk abin da ya lalace a ce a ba kaji. Masarar da ta yi fumfuna a rumbu, gyaɗar da ta ruɓe, dusar da ta jiƙe ta dunƙule, tuwon shekaranjiya da ya yi yauƙi. Fumfunar hatsi da gyaɗa tana fitar da guba mai lalata hanta, kuma farkon alamarta a kaza shi ne rage ci da ramewa. Duniya ta san wannan gubar ne a 1960, lokacin da talotalo kusan dubu 100 suka mutu a Ingila bayan an ba su abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Dafawa ba ta kashe ta. Abin da ba za mu iya ba yaro ba saboda fumfuna, kada mu ba kazar da yaron zai ci ƙwanta. Haka nan lokacin shuka, a kiyaye ragowar iri mai magani da ake zubarwa a tsakar gida, da waken da aka adana da maganin ƙwari.

To idan an duba duk wannan, yaya za a taimaka mata ta ci? Ruwa tukuna. A samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, a sa sukari kamar cokali biyu na shayi da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, kada ya wuce haka, don gishiri da yawa yana kashe kaza. A tsoma bakinta a ciki a sake ta ta ɗaga kai ta haɗiye da kanta. Kada a buɗe bakin a kwarara, domin ƙofar numfashinta tana nan a gindin harshe, ruwan zai wuce huhu. Idan ta fara sha, sai a kawo abinci mai laushi kaɗan-kaɗan: tsaki ko dusa mai kyau da aka ɗan dama da ruwa, dafaffen ƙwai da aka murmushe, ɗan ganyen zogale da aka yayyanka. Gara kuwa babu kamarta. Kazar da ta ƙi gero sau da yawa ba ta iya ƙin gara, kuma abincin gina jiki ce. Kakanninmu da suke kifa tsohuwar tukunya da karmami da kashin shanu a bakin suri don tara wa 'yan tsaki gara sun san abin da suke yi. A ba ta kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, abin da ta rage a kwashe, saboda jiƙaƙƙen abinci ba ya jure zafinmu, cikin 'yan sa'o'i yake tsami. Mai yin ƙwai kuma a daka mata ɓawon ƙwai da aka gasa ko ƙonannen ƙashi. Dusa zalla ba ta riƙe kaza, cika ciki ce kawai.

Duk wannan ga kaza ɗaya ne. Idan aka wayi gari biyu ko uku sun yi shiru lokaci guda, ga kore ko farin zawo, ga minshari da buɗe baki, daga baya wata ta fara murɗe wuya tana zagaye, to maganar buɗe ciki ta ƙare. Wannan ita ce annobar da ke share mana akurki kusan kowace shekara idan hunturu ya kama, wadda likitoci ke kira cutar Niyukasul, sunan wani gari a Ingila inda aka gano ta wajen 1926. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma babu kafso ko allurar da ke kashe ta. Barkono da tafarnuwa da ɓawon maɗaci da muke jiƙawa ma ba sa kashe ta. Abin dariya, kaza ba ta ma jin yajin barkono yadda muke ji, mu ne muke ganin mun ba ta abu mai ƙarfi. Wadda ta tashi bayan an ba ta jiƙo, da ma mai tashi ce, sai jiƙon ya sha yabo.

A nan ne maganar kasuwa ta zama babba. Cutar takan yi kwana biyar ko shida a jikin kaza, wani lokaci har mako biyu, kafin ta nuna. Mai kajin da ya ga biyu sun mutu ya kwashi sauran ya kai kasuwar Azare, ya san abin da yake sayarwa. Wata baiwar Allah daga Bulkachuwa ko Gadau ta ga kaza da araha ta saya, ta kai gida ta sake cikin nata, bayan mako guda unguwarsu gaba ɗaya babu zakaran da zai yi cara. Shi ya tsira da 'yan kuɗinsa, ya ɗora wa mutum goma asarar. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya a ciniki, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a cire kaza daga wannan hukunci ba. Mai saye shi ma ya taimaki kansa: duk kazar da ta shigo gida, ta kasuwa ce ko ta kyauta, a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da sauran. Agwagi ma a lura da su, sukan ɗauki cutar su yaɗa ba tare da sun nuna alama sosai ba.

Yanka fa? Ba mu ce haramun ne ba, amma a san inda ake zubar da gashi da kayan ciki da ruwan wanki, domin ta nan cutar ke komawa kan sauran kaji da na maƙwabta. A haƙa rami a binne. Wadda ta mutu ma a binne ta da zurfi, kada a jefa bola kare ya ja ta zuwa wani gida. Idan kuwa kaji na zubewa farat ɗaya da yawa, fuska a kumbure, zanko ya yi baƙi-baƙi, kada a yanka, kada yara su taɓa, a sanar da ma'aikatan dabbobi. Ba mu manta da 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona kusa da Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ta kuma bazu zuwa jihohi da dama har da tamu. Ita wannan tana kama mutum.

Game da kafso, ga abin da ya sa muka sa shi a kan wannan rubutu. Ba ya maganin tsutsa, ba ya maganin ƙuma, ba ya buɗe abin da leda ta toshe, ba ya sanyaya zafin bazara, ba ya taɓa bairos. Cikin duk abubuwan da muka lissafa, kaɗan ne ƙwarai yake da amfani a kai, su ɗin ma sai an san awo da adadin kwanaki. Abin da yake yi tabbas shi ne ya zauna a nama da ƙwai na wasu kwanaki, mu ci, yaranmu su ci. Ƙwayoyin cuta kuma suna sabawa da shi, ranar da yaro ya kwanta aka ba shi irin wannan maganin sai a ga bai yi aiki ba. Masu kemis da ke miƙa wa yaro kafso biyu da ya ce na kaza ne, su ma su ji tsoron Allah.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma tana da ƙarfi. Za a ce kuɗin mota daga ƙauye zuwa wurin likitan dabbobi da dawowa ya kusa kuɗin kazar, wa zai yi wannan? Gaskiya ne. Ba mu ce duk kazar da ta yi shiru a ɗauke ta a kai asibiti ba, shi ya sa muka tsaya kan abin da mace za ta iya yi da hannunta a tsakar gida. Amma babbar asarar ba a hana ta da kaza ɗaya-ɗaya, sai an haɗu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafin wannan annoba, har da wani nau'i da ake kira I-2, wanda aka samar musamman don kajin karkara saboda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita bayan kamar wata huɗu. Matsalarsa guda ce: kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, idan an haɗa ta kuma ba ta ajiyuwa. Mai kaji bakwai ba za ta saya don kanta ba, amma gida goma ko goma sha biyar a layi ɗaya za su iya, kuma abin da zai faɗo kan kowace kaza bai kai kuɗin ƙwai ɗaya ba.

Wannan aikin ƙungiya ne irin tamu. Muna tara kuɗi don gyaran maƙabarta da yashe magudanar ruwa, ba abin kunya ba ne mu tara don kajin iyayenmu mata. Shawararmu ita ce kowace unguwa ta fitar da matasa biyu, mace da namiji, domin akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba, a nemi ma'aikatan dabbobi ko malaman gona na BSADP su koya musu yadda ake riƙe kwalbar cikin sanyi da yadda ake ɗigawa. A sayi maganin ta hannun ma'aikatan, kada a saya a tebur a rana. A sanar da gidaje tun daren ranar su bar kajinsu a akurki da safe. Lafiyayyu kaɗai ake yi wa, kuma rigakafin na buƙatar kamar mako biyu kafin ya kama jiki, don haka wanda ya jira sai kajin maƙwabci sun fara mutuwa ya makara. Zagayen farko ya kamata a yi shi a watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta taso, na biyu a Fabrairu, na uku a Yuni. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan magana cikin ajandar zama mai zuwa, masu unguwannin da ke shirye su fara kuma su kawo adadin gidaje da kajin da ke layinsu don a san kwalba nawa za a nema.